Wai ɗin Tafinta

Lahadi, da yamma

Na dawo daga sujada a coci na zauna a bakin gado, ko takalmi ban cire ba. Yau na yi abin da tafinta ba ya yi.

Shekara da shekaru ina tsayawa a hannun hagun Fasto. Shi ba ya jin Hausa in ban da gaisuwa, rabin ikilisiya kuma ba sa jin harshen makarantar da yake wa'azi da shi. Don haka yakan faɗi jimla ya dakata, ni in juya ta. In ya ce "ni", ni ma in ce "ni". In ya ɗaga murya in ɗaga. Har tsofaffin mata suna tsokanata cewa in Fasto ya yi tari sai na fassara musu.

Yau ya taɓo maganar matar Direba, wadda muka binne ranar Alhamis. Ya ce da 'yar'uwarmu ta riƙe bangaskiyarta har ƙarshe, da yau tana zaune a cikinmu. Ya dakata yana jirana. Direba, mai bas ɗin da nake hawa zuwa aiki, yana can gaba da 'ya'yansa mata biyu, ya sunkuyar da kai. Na buɗe baki na faɗi jimlar daidai, ban rage mata ko wasali ba. Sai dai na sa mata "wai" a gaba.

Wai da ta riƙe bangaskiyarta.

Coci ya ɗauki gunaguni. Fasto ya zaci amin ake cewa, ya ƙara ƙaimi. Sakataren dattawa kuwa yana jin harsunan biyu. Na ga ya cire tabarau ya ninke ya sa a aljihu.

Litinin, da hantsi

Ina maɗaba'a. Aikina a nan gyaran rubutu ne. Duk takardar da za ta shiga inji, katin biki ko kalanda ko talla, sai ta bi ta teburina ta sha jan biro. Teburin yana lungu, tsakanin injin yanka takarda da tagar da ba ta buɗuwa. Maigida, mai maɗaba'ar, ya leƙo ya ce, "Malam, yau ba ka yi wa kowa faɗa a kan waƙafi ba, lafiya kuwa?" Na ce lafiya lau.

Na ajiye waya kusa da kwalbar gam, fuskarta sama. Ba ta yi ƙara ba.

Talata, bayan tashi daga aiki

Sakatare ya zo gida. Ya ƙi shayi, daga nan na san da magana. Ya zauna a kujerar da ke kusa da taga, wadda ba a zama a kanta. Na buɗe baki zan ce ya dawo nan, na fasa.

"Tafinta, ka san abin da ka yi?"

"Na sani, Baba."

"An faɗa wa Fasto. Sai da aka yi masa dogon bayani kafin ya gane, don su a harshensu ba su da kalma ɗaya mai wannan aikin. Da ya gane, zama kawai ya yi."

Na ce, "Ai ban canza maganarsa ba."

"Ka zare hannunka daga cikinta a gaban jama'a, ka bar shi tsaye shi kaɗai yana murmushi. Har yara sun gane."

Ya ce dattawa sun zauna jiya. Na sauka daga mumbari har Lahadi ta farko a wata mai zuwa. Ranar zan tsaya a gaban ikilisiya in nemi gafara, in sake faɗin jimlar yadda aka faɗe ta, ba ƙari. In na yi, in koma wurina. In ban yi ba, makirufo ya bar hannuna ke nan har abada.

Na ce, "A gaban Direba zan sake faɗa?"

Ya ce, "Ai a gabansa ka fara."

Da ya fita na gyara matashin kujerar.

Laraba, da safe

Fasto bai kira ba. Ni ma ban kira ba.

Alhamis, lokacin hutun rana

Bari in rubuta wannan tun fushi bai shafe shi ba. Fasto ba mugu ba ne. Lokacin da muke asibiti da matata, shi ne yake zuwa ya zauna da ni a dogon bencin nan na baranda, ba ya cewa komai, sai ya ɓare lemo ya miƙo min rabi. Mutumin da ya yi maka haka ba ka mayar da shi abin dariya. Amma ga shi na yi.

Kuma ni na gaskata Allah yana warkarwa. Ba don aikina ne in faɗa ba. Na gaskata tun kafin in san menene makirufo. Matar Direba ma ta gaskata, ta fi ni. Ita ce take fara waƙa a ƙungiyar mawaƙa, sauran su kama. Ta taɓa tsayawa ta ba da shaida cewa ta warke, coci ya kaure da tafi, ni na fassara wa Fasto shaidar a kunne. Bayan wata biyu ta koma asibiti, wasu mata suka fara ƙus-ƙus cewa komawar ce ta nuna shakka. Abin da ya faru tsakanin shaidar da komawar, ba ni zan rubuta ba.

Abin da na sani, na je gaishe ta dab da ƙarshe, tana waƙa da muryar da ba ta kai ƙofa ba.

Juma'a, da yamma

'Yata ta kira. Nas ce a wani gari, ita kaɗai gare ni. Labari ya riga ya kai mata, ƙawayenta ba sa barin magana ta huce.

Dariya ta fara yi. "Baba, kai da ko ɗigo ba ka yarda a ƙara a rubutun wani? Kai ne da ƙarin kalma guda?"

"Ke ma dariyar za ki yi min?"

"A'a, wallahi na ji daɗi. Kullum ina ganin masu bangaskiya suna mutuwa a hannuna, ina ganin masu zagin Allah suna tashi su tafi gida da ƙafarsu. Wani ya kamata ya faɗa masa." Sai ta yi shiru. Na san shirun nan, na mahaifiyarta ne. "Amma Baba, ba don matar Direba kaɗai ka ce wai ɗin nan ba."

Na ce mata shinkafata tana ƙonewa. Ban ɗora komai a wuta ba.

Asabar, da rana

Na wanke kaya, na shanya, na kwashe. Fasto bai kira ba.

Lahadi, bayan sujada

Na zauna a benci na baya, kusa da inda ake jingine tsintsiya. Ban san fankar wurin ta lalace ba, ban taɓa zama a can ba.

Malama ce ta ɗauki makirufo, shugabar makarantar firamare. Na zo da niyyar kama ta da kuskure, kunnena a miƙe, Allah ya gafarta min. Ta yi tuntuɓe sau biyu a dogayen jimloli, sauran kuwa ta yi kyau. Ta yi kyau sosai, abin ya ci min rai. Ina zaune leɓuna suna motsi su kaɗai, Fasto yana dakatawa ina cika masa a ciki. Wata tsohuwa da ke gefena ta zungure ni ta ce, "Tafinta, ka huta mana, yau ba kai ne da aiki ba."

Direba bai zo ba. 'Ya'yansa ma ba su zo ba.

A bakin ƙofa Fasto yana gaisawa da mutane kamar kullum. Na bi ta ƙofar gefe.

Talata, da la'asar

Yau na sha kunya a wurin aiki. Wani mutum ya dawo da katunan bikin ƙanwarsa yana huci. A ƙasan katin, inda ya kamata a ce ana maraba da manyan baƙi, mun buga ana maraba da manyan baki. Lanƙwasar ƙ ɗin ta faɗi, kuma ta teburina katin ya bi.

Kafin in duba ma na fara musu. Na ce injin ne, na ce mai shigar da rubutu ne, na ce a takardar da ya kawo haka yake. Maigida ya je ya zaro samfurin da na duba ya ajiye a gabana. Ga sa hannuna da jan biro a ƙasa, ga manyan baki a sama suna kallona.

Da mutumin ya tafi, Maigida ya yi ta dariya har da riƙe ciki. "Malam, shekara nawa kana gyara mu, yau ɗaya an gyara ka kana neman cinye mu ɗanye. Ashe jan biron nan hanya ɗaya yake bi."

Na yi dariyar yaƙe. Maganar ta biyo ni har gida.

Laraba, da yamma

Na haɗu da Malama a bakin kantin magani. Na so in wuce da gaisuwa, ta tsayar da ni.

"Malam, ba ni na nemi wurinka ba. Ka san haka ko?"

"Na sani. Kina ƙoƙari."

"Bar yabon, ka ji. Ni ma jimlar nan ba ta yi min daɗi ba. Da ni ce a wurin ban san me zan yi ba. Amma in faɗa maka gaskiya?"

Na ce ta faɗa. Me zan ce?

"Abin da ka yi ba gyara ba ne. Ni in malamina ya koyar da kuskure, ofis nake kiransa in faɗa masa, ya kare kansa in yana da hujja. Ba na tsayawa a bayansa a aji ina ƙyafta wa yara ido. Kai ka soki Fasto da harshen da ba ya ji. Ta ina zai amsa maka?"

Na ce, "To in bar Direba ya haɗiye ta haka?"

"Ban ce ba. Kana jin harshen Fasto, kuma kunnensa yana kusa da bakinka."

Ta shiga kanti ta bar ni a tsaye. Na yi ta shirya amsoshin da ya kamata in ba ta har na iso gida, duk masu kyau. Na buɗe ƙofa, ba wanda zan faɗa wa.

Juma'a, da safe, kafin a fara aiki

Tun abin nan nake kauce wa bas ɗin Direba, ina jiran na bayansa. Yau na makara, na shiga ban duba ba, sai ga ƙeyarsa. Ya gan ni a madubi. Da fasinjoji suka ragu ya ce in dawo gaba.

Ya rame. Wuyan rigarsa ba guga.

"Tafinta, na ji abin da suka yi maka. Kai kaɗai ka tsaya min."

Na ji daɗi, ba zan ɓoye ba. Na ce ba komai, ya ya yara? Ya ce ƙaramar ba ta cin abinci. Na ce ba mu gan su ranar Lahadi ba.

Ya canza giya ya ce, "Mun daina. Ai kai ka buɗe min ido. Ni ba na jin yaren Fasto, duk abin da na sani game da Allah daga bakinka na ji. Ranar na gane ashe kai ma ba duka ka yarda ba. Sai nake ta tunani, wanne ne wai, wanne ne ba wai ba? Tashin matattu fa? Cewa tana wurin Ubangiji fa? Ko shi ma ka faɗa ne don an faɗa?"

 Muka iso inda nake sauka, na bayanmu yana ta danna hon. Na ce, "Za mu yi magana." Ya ce, "To."

Ga ni a teburina, ko jan biro ban buɗe ba.

Asabar, da hantsi

Na durƙusa zan yi addu'a, na tsinci kaina ina jiran wani ya fara in bi.

Lahadi, da yamma

Benci na baya kuma. Bayan sujada mutum uku suka kama hannuna a ɓoye, a bayan motoci. Ɗaya ya ce, "Ka yi mana maganinsa, dama ya cika jin kansa." Shi wannan ko ta'aziyya bai je ba. Da na san irin magoya bayan da zan samu ke nan, da na haɗiye harshena. Masu fushi da ni ba sa gaishe ni, masu murna da ni ba na son gaisuwarsu. Ban taɓa jin kaɗaici a cikin mutane kamar yau ba.

Talata, da yamma

Na je ofishin Fasto. Ban kira ba, na je kawai. Ƙaramin ɗaki ne a bayan coci, littattafan tauhidi har rufi, da tulin kujerun roba da ba a samu wurin ajiyewa ba. Ya ɗago ya gan ni, ya rufe abin da yake karantawa. Da harshensa muka yi magana, ina juya ta nan ne don kaina.

Na ce na zo in faɗa masa a fuska abin da na faɗa a bayansa. Jimlar nan ba gaskiya ba ce. Ba shi da sanin abin da ke zuciyar matar nan, ni ma ba ni da shi.

Ya ce, "Ka san abin da ya fi yi min ciwo? Ina tsaye ina jin daɗi wai Ruhu yana motsi. Ashe da ni ake."

Na ce, "Wannan laifina ne, kuma na zo da shi."

"To saura. Ka saurare ni. Mutanen nan ba su da komai sai bangaskiya. Na ga mutum ya tashi daga gadon da likita ya cire rai, da idona, kai ma kana wurin. In na hau mumbari ina cewa watakila, ban sani ba, ta yiwu, me zan ba su su riƙe? In duk wanda ya yi rashi zai gyara min wa'azi, ba abin da zai rage."

Na ce, "Fasto, ban ce ka daina cewa Allah yana warkarwa ba. Ni ma a kai nake. Amma ka ɗauki alkawarin Allah ka mayar da shi tuhuma a kan matacciya. In an warke, Allah ne. In an mutu, laifin mamaci ne. A haka koyarwarka ba za ta taɓa faɗuwa ba, kullum mu ne za mu faɗi."

Ya yi jajir. Ya jawo Nassi ya buɗe min wurare uku inda bangaskiya ta warkar. Na nuna masa wurare biyu inda bayin Allah suka roƙa ba a ba su ba. Muka yi ta yi kamar 'yan makaranta, yana ɗaga murya ina ɗagawa, karo na farko ba don ina bin sa ba. Ya kama ni a wuri ɗaya, na yarda ya kama ni: ya ce ni ma na mayar da ciwona ma'aunin Allah, duk abin da ya taɓa min gyambo sai in ce ƙarya ne. 

Can ya yi ƙasa da murya ya ce, "A jana'izar matarka ban faɗi haka ba."

Na ce, "Ba ka faɗa ba. Ni na fassara, na sani. Amma ranar Lahadin nan da ka faɗa a kan wata, na ji ta sauka a kan tawa."

Shi ke nan abin da zan rubuta a kan wannan.

Da zan fita ya ce shawarar dattawa tana nan, ba zai taka ta ba. Na ce ban roƙa ba. Ya ce, "Ka dawo wurinka, Tafinta. Jimla ɗaya ce." Na ce na san tsawonta.

Alhamis, da rana

'Yata ta ce in bar musu cocin, ai ba shi kaɗai ba ne a gari. Na ce a nan aka yi mata baftisma. Ta ce, "Baba, taurin kai." Na ce gado ta yi.

Asabar, da la'asar

Na gwada jimlar a gaban madubi. Da 'yar'uwarmu ta riƙe. Daga nan ba ya wucewa.

Ina son wurina a mumbarin nan. Bari in faɗa, tunda ba mai ji. Ina son nauyin makirufo a hannuna, ina son daƙiƙar nan da Fasto yake dakatawa, coci duka su juyo suna jirana. Tun da gidan nan ya yi shiru, can ne kaɗai ake jiran muryata. In na rasa shi, daga Lahadi zuwa Lahadi ba wanda zai rasa ni sai Maigida, shi ma don waƙafi.

Lahadi, da yamma

An gama.

Bayan waƙa ta biyu Sakatare ya kira ni. Malama ta miƙo min makirufo ba ta kalle ni ba. Na fara da harshen Fasto, jimla jimla, ina juya wa kaina zuwa Hausa, don kada kowa a ɗakin ya rasa ko kalma.

Na ce na yi wa Fasto laifi. Na soke shi da harshen da ba ya ji, a inda ba zai iya amsawa ba, na sa aka yi masa dariya. Na roƙi gafararsa da tasu. Wasu suka ce amin, Sakatare ya gyaɗa kai yana jiran saura.

Na ce jimlar kuwa ba zan iya faɗa ba. Na gaskata Allah yana warkarwa, zan mutu a kan haka. Ban san dalilin da bai warkar da 'yar'uwarmu ba. Amma na ji ta tana waƙa a gadon asibiti, ba zan tsaya a gaban Allah in ce bangaskiyarta ce ta gaza ba. In na yi kuskure, ga ni, a gyara min da Nassi, zan saurara.

Fankoki kawai ake ji. Sakatare ya tako a hankali ya miƙo hannu, na sa masa makirufo a ciki. Fasto yana kallon ƙasa. Na bi tsakiyar coci na koma baya, tafiyar ta yi min tsawo.

Sai da na zauna na duba gaba. Wurin Direba ba kowa. Duk wannan, bai ma ji ba.

Litinin, da safe

Fasto bai kira ba.

Laraba, da rana

Kalanda ta shekara mai zuwa ta zo teburina. Na duba Lahadi-Lahadin da ke ciki, duk daidai suke.

Alhamis, da magariba

Ana dab da tashi Maigida ya ce wani yana nemana a waje. Motar Fasto ce, injin a kunne. Ya buɗe min ƙofa ya ce zai je gidan Direba, kuma ba shi da baki.

A hanya ya ce kada in yi zaton wani abu. Dattawa sun yanke, shi ma ya amince, Malama ce za ta ci gaba. Ranar Lahadi ma a kan warkarwa zai yi wa'azi, kuma ba zai sassauta ba. Na ce to. Muka wuce shataletale biyu. Sai ya ce, "In ka ji zan yi ɓarna, ka tsayar da ni. Da harshen da nake ji."

Gidan Direba ɗaki biyu ne a bene na sama. Babbar 'yar ta buɗe, ta ga Fasto, fuskarta ta canza, amma ta ba mu hanya. Rigar mawaƙa ta marigayiya tana rataye a bayan ƙofa, cikin ledar wanki. Direba ya fito da singileti, bai miƙa hannu ba. Aka kawo ruwa ba wanda ya sha. Fasto ya zauna a bakin kujera, hannuwa tsakanin gwiwoyi.

Da ya buɗe baki, gajerun jimloli ya yi ta faɗa, ina juyawa. Ga abin da ya ce: Na faɗi abin da ba ni da saninsa a kan matarka. Ba ni ne mai auna bangaskiyarta ba. Na ƙara maka ciwo a kan ciwo, a gaban 'ya'yanka. Ka yafe min.

Direba bai ce ya yafe ba. Ya murza idonsa da bayan hannu ya ce, "Tambaye shi, tana ina yanzu?"

Na tambaya. Fasto ya ɗago, muryarsa ta mumbari ta dawo. "Tana hannun Almasihu. Wancan na yi kuskure, wannan kuwa ko za a yanka ni ba zan janye ba."

Na juya masa. Direba bai kalli Fasto ba, ni ya kafe da ido.

"Tafinta, wannan naka ne ko nasa?"

Na juya na faɗa wa Fasto abin da aka tambaya. Ya ce, "Kai ya tambaya."

 Na ce, "Nawa ne. Tawa ma tana can."

Direba ya daɗe yana kallona. Ƙaramar 'yar ta fito daga ɗaki ta jingina da kafaɗarsa. Ya tura min kofin ruwa da yatsa biyu, na ɗauka na sha, hawaye yana shiga ciki.

Fasto ya taɓa gwiwata a hankali ya ce, "Me ka ce masa?"

Na fassara masa.